Na kai babi na 14 na maƙale: ta yaya yara biyar za su kori maharan wata duniya?

'Yar Alƙalami

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Shekarata 17, wata takwas ke nan ina rubuta labarina na farko. Wasu halittu ne suka sauko daga sararin samaniya, cikin kwana uku suka kashe wuta da layin waya da intanet a duk duniya, suka kwashe manya suka tara su a sansanoni. Saura yara biyar 'yan aji ɗaya da suka ɓuya a ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu. Har babi na 13 alƙalamina gudu yake. Da na zo inda ya kamata yaran su rama, sai na tsaya cak. Sau huɗu ina rubuta babin ina yagewa. A na ƙarshe na ba su bindigogi, na karanta wa ƙanena, sai ya ce, "Yaya, sojojin duniya kaf sun kasa da jiragensu, su kuma da bindiga biyar?" Na rasa abin cewa. Don Allah duk wanda ya taɓa zuwa wannan gaɓar, a rubutu ko a karatu, ya faɗa min yadda ya fita.

Malamin Kimiyya

Wa alaikumus salam, 'yata. Ƙanenki ya yi gaskiya, ki riƙe shi da kyau. Na sha irin wannan a ƙungiyar rubutu ta ɗalibaina. Wani yaro ya taɓa kawo min labari, jaruminsa ya kakkaɓo jirgin baƙin da bindigar da ya tsinta a hanya. Ban ce masa uffan ba, na ɗauki alli na nufi allo. Tauraro mafi kusa da ranarmu shi ne Proxima Centauri. Haske, mai cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, sai ya yi shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso mu daga can. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 kilomita 17 yake ci a daƙiƙa, da can ya nufa sai ya shafe fiye da shekara 70,000 a hanya. Na bar su suka yi lissafin da kansu, ajin ya yi tsit.

Wanda ya ƙetare wannan tazarar da rundunarsa ba ya ma bukatar saukowa. Dutsen da ya fashe a saman garin Chelyabinsk na Rasha a Fabrairun 2013 faɗinsa kusan mita 20 ne kacal, amma mutum wajen 1,500 suka ji rauni, yawanci daga fasassun gilasan taga. Mai irin wancan kumbo, turo duwatsu daga sama ba komai ba ne a wurinsa.

Saboda haka ki tambayi kanki: me ya hana su yin haka? Me suke so a nan da ba sa son ya lalace? Kada ki ce ruwa. Europa, ɗaya daga cikin watannin Jupiter, masana na kyautata zaton ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙararsa ya fi na tekunanmu gaba ɗaya, kuma babu mai tare musu hanya a can. Abin da muke da shi wanda har yau ba a gano shi a ko'ina ba, rai ne. Kin ce sun tara manya a sansani ba su kashe su ba. Ashe kin riga kin ba da rabin amsar tun farkon labarin. Suna bukatar mutane a raye. Mai bukata kuwa yana da lagon da za a kama.

Baban Uku

Malam ya tuna min da kaina ina ɗan shekara 13. Na ari wani littafi na John Christopher, na farko cikin jerin ukun da ya fara fitarwa a 1967. A ciki baƙin sun daɗe da cin duniya, ba a ma yaƙi. Duk yaron da ya kai shekara 14 sai a dasa masa wata hula ta ƙarfe a ka, daga ranar ya daina tambaya, ya zama mai biyayya da fara'a. Na karanta shi a daren da ba zan manta ba, ina ƙirga watannin da suka rage min in cika 14. Da safe na zauna ina kallon mahaifina yana shirin fita aiki, ina leƙen gashin kansa. Har cikin raina na tsorata.

Abin da ya sa na kawo shi: marubucin bai ba yaran ƙarfi ba ko kaɗan. Ya ba su dalilin da ya sa su kaɗai suka rage da hankalin kansu. Da zarar wannan dalilin ya zauna, ban sake tambayar "ina manya suke" ba. A naki labarin, me ya sa baƙin suka bar yara? Mantawa suka yi, ko rainawa, ko jira suke su girma? Na ukun nan ya fi tayar da tsikar jiki, don yana ɗora wa kowane yaro wa'adi.

Nas Mai Aikin Dare

Ƙanwata, kafin wani ya ba ki shawarar ƙwayoyin cuta, bari in riga shi. Tun 1898 H. G. Wells ya rufe labarinsa na maharan duniyar Mars da cewa ƙwayoyin cutarmu ne suka kashe su bayan makamai sun gaza. Ni ma da na gwada rubutu lokacin ina makarantar koyon aikin jinya, nan na fake. Na ba su mura suka mutu. Wata ƙawata ta karanta ta ce, "To yaran me suka yi? Zama suka yi suna jira?" Maganar ta yi min zafi don gaskiya ce.

Ga kuma matsalar ilimi. Ƙwayar bairos ba ta shiga jiki sai ta sami ƙofar da ta dace da ita a jikin ƙwayar halitta, kamar mukulli da kwaɗo. Yawancin bairos ɗin tsirrai ma ba sa kama mu, balle halittar da ba mu haɗa asali da ita ba. Bakteriya da fumfuna sun fi yiwuwa, don su abinci da danshi kawai suke nema. A tarihi ma cuta takan bi ta kowane ɓangare. Agana ce ta karya Tenochtitlan, babban birnin Aztek a ƙasar Meziko ta yau, a 1520, kafin birnin ya faɗa hannun Sifaniyawa a 1521, wato ta taimaki mai mamaya. A Haiti kuma a 1802 cutar shawara ce ta cinye rundunar Faransa har da kwamandanta, Leclerc. Kuma mu da kanmu, da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka dawo daga wata a 1969, sai da aka killace su na tsawon mako uku. Idan mu mun yi wannan tunanin, su da suka fi mu fasaha za su manta?

Wani abu da nake roƙo: idan yaro ya ji rauni a labarinki, ki bar raunin ya zama rauni. Babu wuta, babu firji, babu asibiti. Ƙaramin yanka a ƙafa kan kumbura, ya yi zafi, jan layi ya fara hawa sama, zazzaɓi ya biyo. Na ga wannan da idona a kan gado sau ba adadi. Yarinya mai ciwon suga da insulin ɗinta ke ƙarewa ta fi ba ni tsoro a kan kowane jirgin baƙi.

Mai Gyaran Rediyo

Ni ba marubuci ba ne, ɗana ne ke rubutawa, ni nake gyara masa wajen na'ura. Ya sa yaransa suna kiran juna da oba-oba a gaban maharan. Na ce a'a. Duk na'urar da ke aika saƙo tana tona inda take, ana bin siginar har ƙofar ɗaki. Mai karɓa kawai marar batir, shi ne ba ya tona kansa. Ranar wata Asabar muka zauna muka haɗa rediyo marar batir: doguwar waya a matsayin eriya, wata siririyar waya muka nannaɗe a jikin kwali sau wajen ɗari, dayod ɗaya (ɗan abin da ke barin lantarki ya bi hanya ɗaya kawai), da abin sawa a kunne. Sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu da reza da bakin fensir suke yin irinta. Da dare ya yi, ya sa a kunne, ya ɗaga min hannu in yi shiru. Murya ce can ƙasa-ƙasa, kamar mai raɗa. Idonsa ya kawo ruwa. Washegari ya sake rubuta babinsa gaba ɗaya. Yaranki a ɗakin gwaje-gwaje suke, duk kayan nan suna cikin durowa. Ki bar su su ji wata murya daga nesa, su san ba su kaɗai suka rage ba.

Ɗalibin Tarihi

Anti Nas da Malam sun gama da baƙin, ni yaran zan yi magana a kai. Da na maƙale a nawa, sai na ajiye ƙagaggun labarai na koma karanta abin da matasa na gaske suka yi a ƙarƙashin mulkin 'yan Nazi na Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu. A garin Aalborg na Denmak, 'yan makaranta ne suka kafa ƙungiyar da suka kira Churchill Club, Knud Pedersen na cikin jagororinsu. A kan keke suke yawo da rana tsaka bayan an tashi daga makaranta, suna sace makaman sojojin Jamus, suna lalata motocinsu. A watan Mayun 1942 aka kama su. A Hambug kuma Helmuth Hübener yana sauraron BBC a ɓoye, yana buga abin da ya ji a takardu yana rarrabawa. An kashe shi a Oktoban 1942 yana da shekara 17. A Haarlem ta Holan, Freddie Oversteegen tana 'yar shekara 14 ta shiga turjiya tare da yayarta Truus, kuma ƙuruciyarsu ce ta sa ake barin su wuce shingen bincike.

Babu ko ɗaya a cikinsu da ya kori Jamus. Abin da suka yi shi ne kai saƙo, leƙen asiri, ɓoye mutane, da sa manya jin kunyar zama shiru. Ɗan hakin da ka raina, ai kin san sauran. Da na fahimci haka, na daina neman yadda yarana za su ci yaƙin, na koma neman abu ɗaya da za su iya yi wanda babba ba zai iya ba.

Uwar Marubuta

Na gama nawa bara, kuma sai da na kashe wanda na fi so a cikinsu. Kwana uku ina kewaye shafin. Amma idan yara shida suka shiga wuta suka fito su shida, mai karatu zai gane tun da wuri cewa marubuciya na tsaron su, tsoron ya tafi.

Ƙaramin Makaranci

Mama, ki yi haƙuri, ban yarda ba. Shekarata 15. Duk littafin da na ɗauka sai an kashe wanda ya fi barkwanci ko wanda ya fi kirki, har na iya cankar wanda zai mutu tun babi na biyu. Wannan ma ai tsaro ne, na wani iri. Wanda ya fi taɓa ni babu wanda ya mutu a ciki. Yarinyar ta gano mahaifiyarta na yi wa maharan aiki don a bar ƙanenta da rai, kuma dole ta zaɓa ko za ta faɗa wa abokanta. Na rufe littafin na fita waje na daɗe ban dawo ba. Yaya 'Yar Alƙalami, kada ki kashe kowa don kawai an ce a kashe.

Uwar Marubuta

Ka yi gaskiya, ɗana. Asara nake nufi, ba lallai gawa ba. Na karɓi gyara.

'Yar Alƙalami

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mako guda ke nan, ga inda nake. Na cire bindigogin. Baƙin suna jiran yara su cika 16 ne, don abin da suke dasa wa mutane ba ya kama ƙwaƙwalwar da ba ta gama nuna ba. Babbar cikin yaran saura mata kwana 19. Sun haɗa rediyon Baba Mai Gyara, ni ma na gwada haɗawa, sau biyu ba ta yi ba, a na uku na ji murya. A labarin, muryar na karanto sunayen sansanoni tana roƙon duk wanda ya san yadda cikinsu yake ya kawo bayani. Babu mai shiga sansani ya fito sai yaran da ake aika kai ruwa. Saboda haka babbar ta miƙa kanta tun kafin wa'adinta, don ta ƙirga ƙofofi da masu gadi, ta ba ƙaramin cikinsu ya fita da shi a rubuce a cikin takalminsa.

A sansanin ta haɗu da mahaifinta. Ya gaishe ta da fara'a, ya tambaye ta sunanta.

Jiya da dare na karanta wa ƙanena babin. Bai katse ni ko sau ɗaya ba. Da na kai ƙarshe ya karɓi littafin daga hannuna, ya buɗe shafi na gaba, ya ga babu komai, ya miƙo min biro.