Adireshi ko lambar gurbi: neman kalmar Hausa a aikin PLC

Duk wanda ya taɓa buɗe akwatin PLC, wato na'urar da ke tafiyar da injunan masana'anta bisa shirin da aka rubuta mata, ya ga wayoyi suna shigowa daga maɓallai, wasu kuma suna fita zuwa injuna da fitilu. Kowace waya tana da lambarta a cikin shirin, kuma ita ce masu aikin ke kira adireshi. A ganina kalmar tana ɓatar da mai koyo, domin Bahaushe ya san adireshi da nuna inda gida yake, sai ya ɗauka lambar tana nuna bakin da aka ɗaure wayar ne.

Alhali ba haka abin yake ba. A kowane zagaye na'urar tana duba wayoyin shiga, ta kwafe halin da suke ciki, da wuta ko babu, zuwa ƙwaƙwalwarta, sannan ta bi shirin tana karanta wannan kwafin, abin da ta yanke kuma shi ake aikawa ga wayoyin fita. Ke nan lambar suna ce ta wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwa.

Shawarata ita ce a ce lambar gurbi. Mai dara ya san gurbi: ko da dutse a ciki, ko babu, kamar yadda wannan wurin ke ɗaukar 1 ko 0. A na'urorin Siemens, I0.3 na nufin ɓangaren shiga, jere na sifili, gurbi mai lamba 3, wanda shi ne na huɗu tunda daga sifili ake ƙirga. Jere guda gurabu takwas ne, shi ya sa daga I0.7 sai I1.0, kuma na sha ganin mai koyo yana laluben I0.8 har ya gaji. Harafin Q na ɓangaren fita ne. Mitsubishi FX tana amfani da X da Y, inda X10 ke bin X7 kai tsaye, amma ma'anar gurbi ba ta canzawa.

An kawo mashiga da mafita don ɓangarorin biyu. Mashiga ta yi, sai dai mafita ta riga ta zama hanyar warware matsala a bakin mutane, don haka na fi son gurbin shiga da gurbin fita.

Inda nake da sauran shakka shi ne ma'aunin zafi ko na matsi, wanda ba kunne-ko-kashe yake aikowa ba. A S7-1200, wani samfurin PLC na Siemens, adireshin IW64 gurabu 16 ne a haɗe, suna riƙe da lamba daga 0 zuwa 27648 a madadin wutar 0 zuwa 10 bolt. Turawa suna kiran wannan haɗin da abin da fassararsa ita ce kalma, wadda za ta rikita mai karatu. Tagwayen jere nake cewa a yanzu, tunda jere biyu ne.