Shawarwarin tuƙa Mosquito a kwamfuta

Waɗanda suka daɗe suna tuƙa tsofaffin jiragen yaƙi masu inji biyu a manhajar kwaikwayon tashi sun fi jan kunne kan Mosquito, jirgin katakon Birtaniya da ya fara tashi a 1940. Farfelolinsa gefe ɗaya suke juyawa, shi ya sa yake fizga hagu a titin tashi. Maganinsa, in ji su, ka ɗan gabatar da totur ɗin hagu, ka ƙara wuta sannu a hankali. P-38, jirgin yaƙin Amurka mai inji biyu, ba ya wannan rigimar, don farfelolinsa saɓanin juna suke juyawa.

In inji ɗaya ya mutu, taka fedar juya jirgi ta ɓangaren injin da ke aiki, kada gudu ya ragu. Wajen sayen na'urorin tuƙi na kwamfuta, wasu sun nace sai da mai totur biyu. Ni kam feda zan fara saya.