An cire wa yarona turmi, likita ta ce a sa ƙarfe ya riƙe gurbin. Dole ne?

Maman Walid:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana shekararsa 6 da wata 8. Makon jiya aka cire masa turmin ƙasa na hagu, na can ƙarshe cikin haƙoran nono, bayan ya kwana uku kunci a kumbure, ko kunu sai da kuka yake sha. Kogon ya ci har jijiya, likita ta ce ba zai cikku ba. Da aka gama sai ta ce mu dawo a auna bakinsa, a sa masa wani zoben ƙarfe mai waya don ya riƙe gurbin. Da na faɗa wa Hajiya, surukata, ta ce tunda take ba ta taɓa jin an yi gadin giɓin haƙorin nono ba, ai wani zai fito. Maigidan ma can ya karkata, ga batun kuɗi. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Akwai wadda aka taɓa yi wa ɗanta?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam Maman Walid, sannu, Allah ya ƙara masa lafiya. A sashen haƙori nake aiki. Da na gaba ne ya fita, da Hajiya ta fi gaskiya, don galibi ba a sa komai. Turmi daban ne. Wannan da aka cire, a ƙa'ida sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12 yake famfararsa. Ke nan wanda zai gaje shi yana can kwance cikin ƙashi, da sauran shekara huɗu ko biyar.

To a bayansa kuma akwai babban turmi na dindindin da ke fitowa wajen shekara 6. Shi ba ya jiran wani ya faɗi, shi ya sa iyaye da yawa ke ɗaukarsa na nono. Haska bakin Walid da fitilar waya, za ki gan shi. Muddin ya ga fili a gabansa, zai riƙa matsowa yana kishingiɗa cikin giɓin, kuma yawancin matsowar a wata shida na farko take faruwa. Ranar da mai gurbin ya tashi fitowa sai ya tarar an tare masa ƙofa: ko ya ɓullo a karkace ta wajen harshe, ko ya maƙale cikin ƙashi.

Zoben a jikin wannan babban turmin ake manna shi, wayar ta lanƙwaso ta tokare haƙorin da ke gaba, a bar tsakiya a buɗe. Ba huda, ba a fere haƙori. Abu ɗaya: ki tabbata an ɗauki hoton wurin tukuna. Wasu yaran, haƙorin da zai gaji wanda aka cire bai ma halittu ba, sai shawara ta canza.

Abban Ummi:
'Yar uwa ki lallaɓa maigidan. 'Yata ta fari an cire mata irinsa tana 'yar 7, aka ba mu wannan shawara, ni ne na ce a bari. Yanzu tana 13, haƙorin ya fito ta ciki, kullum abinci na maƙalewa, tana tauna da ɓari ɗaya. An ce sai wayar gyaran haƙori ta kusan shekara biyu, kuɗin ya ninka na wancan nesa ba kusa ba. Har yau abin na ci mini rai idan na ga tana sakace bayan cin tuwo.

Uwar Biyu:
Hassan ɗina yana da irin wannan zoben, wata 14 ke nan. Kwana biyun farko ya yi ta lasa da harshe yana cewa a cire, daga nan ya manta. Wahalar tana wajen alewa. Cingam, tuwon madara, alewar da ke danƙo, duk na hana, don sau ɗaya cingam ya ɗago zoben muka koma aka sake mannawa. Da dare ni nake goge masa da kaina da buroshi da man da ke da fulorayid, musamman gefen zoben, nan datti ke taruwa. Duk wata shida muna zuwa a duba. An ce da sabon ya leƙo daga dasashi za a cire.

Maman Walid:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Nas na haska, wallahi ga shi nan a baya, fari tas, ni duk a zatona na nono ne. Na nuna wa Abbansa da idonsa, ya ce mu je ranar Litinin a fara da hoton. Na kuma hango wani baƙin ɗigo a turmin dama, shi ma zan nuna mata.

Anti Nas:
Yauwa, kar ki bar na daman nan. Idan ƙarami ne ciko kawai za a yi, ya zauna har lokacin famfararsa. Ki tafi da ƙannensa ma a duba su.