Yajin aikin jirgin ƙasa ya faɗo ranar da Hajiyarmu za ta sauka, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Maman Hanif, Leeds

Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah waɗanda abin ya taɓa ci nake nema, ba waɗanda suka ji a bakin wani ba. Hajiyarmu za ta sauka a Heathrow ranar Asabar ta sama da yamma, zuwanta na farko Ingila, za ta ga jikanta da ya cika wata uku. Tun wata guda da ya wuce na yanki tikitin Advance mai rahusa, ni da ita, daga Landan zuwa Leeds. Jiya da daddare sai ga saƙo a waya wai direbobin jirgin ƙasa za su yi yajin aiki ranar. Maigida yana aikin dare a ƙarshen mako, mota ba mu da ita, ga jinjiri a hannu. Hajiya ba ta jin Turanci, tana fama da gwiwa, kuma na san halinta, ba za ta zo da ƙasa da jaka uku ba. Ya kuka yi da naku?

Baban Zahra, Manchester

Wa alaikumus salam Maman Hanif, Allah ya raya Hanif, ya kawo Hajiya lafiya. Ki fara duba su wa ke yajin, don ba duka suke ɗaya ba. Idan ƙungiyar RMT ce, wato masu sigina da kwandastoci da ma'aikatan tasha, akan lallaɓa a fitar da 'yan jirage. A babban yajin 21 da 23 da 25 ga Yunin 2022 kusan jirgi ɗaya cikin biyar ne ya motsa, shi ma daga bakwai da rabi na safe zuwa shida da rabi na yamma aka rufe. Idan kuwa ASLEF ce ta direbobi, wani kamfanin ko tarago ɗaya ba ya fitarwa ranar, alhali wani da yajin bai shafa ba yana ta zirga-zirgarsa. Tunda kin ce direbobi, ki ɗauka naku babu shi sai kin ga akasin haka.

Ni wayo ne ya ci ni a wancan makon. Ina da ganawa a Landan, na ce ai Talata da Alhamis ne yaji, bari in maida ita Laraba da ke tsakiya. Na yi asuba na fita, jaka a kafaɗa, ina jin kaina gwani. Na iso tasha na tarar da allon nan na sama fayau, jirgin farko sai can gaba. Wani ma'aikaci mai riga ruwan lemo ya ce mini ai waɗanda ke aikin dare ba su zo ba, jiragen ma ba su kwana inda ya kamata su kwana ba, sai an bi an tattaro su. Da na farkon ya zo, mutanen jiya da na yau suka haɗu a kansa. A tsaye na je Landan, kusa da ƙofar banɗaki, kan jakar wani. Ganawar ƙarfe tara na iso mata sha ɗaya saura. An gudu ba a tsira ba ke nan. Washegarin yaji da safe, ki lissafa shi cikin yajin.

Ɗan Fagge

Anti ki yanki na bas yau ɗin nan, kada ki kwana. Akwai dogayen bas da ke tashi daga cikin Heathrow zuwa garuruwan arewa, ba sai kin ja Hajiya cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa da matakala ba. Da an sanar da yaji kujeru ke fara ƙarewa, kuɗin kuma yana hawa kina kallo. Na taɓa cewa bari in ci abinci in dawo, na dawo na tarar ya kusa ninkawa. Kaya dai suna da iyaka, ƙari sai an biya, ki biya tun a intanet.

Alhaji na Hamburg

Salamu alaikum. Ni ɗan Zangon Kumasi ne, na daɗe a Jamus, kuma mun sha namu a hannun ƙungiyar direbobi ta GDL lokacin shugabanta Claus Weselsky. Rigimar a kan awannin aiki ce, suna so a rage daga 38 zuwa 35 a mako. A Janairun 2024 suka shiga yaji ranar 24 ga wata, aka kwashe kwanaki biyar ana abu ɗaya. Ni kuma ina da ranar karɓar fasfo a ofishin jakadancinmu da ke Berlin, ranar da na yi watanni ina jira.

Abin da ya cece ni kalma biyu ne da suka fito a manhajar waya: Zugbindung aufgehoben. Ma'ana an kwance tikitinka daga jirgin da ka yanka, hau duk wanda ka samu zuwa inda za ka, har ma kafin ranar. Sai na tafi kwana ɗaya kafin a fara, na kwana a falon wani ɗan'uwa kan katifar yaransa. Washegari na isa ofis kafin mai gadi ya buɗe. Wani da muka yi layi tare, daga Bremen ya taso da jirgin gaggawa da suka bari, ya ce tun daga can ƙafarsa ɗaya ce a ƙasa.

Ga wanda ke cikin Tarayyar Turai, doka ta ce in ka makara da awa ɗaya za a mayar maka da kashi 25 na kuɗin tikiti, in awa biyu ne rabi. Tun Yunin 2023 sun samu kafar zillewa idan guguwa ce ko ambaliya, amma yajin ma'aikatansu ba ya cikin uzuri, sai sun biya. A Jamus kuma in jirgin ƙarshe ya yashe ka cikin dare, kana iya ɗaukar tasi har ta yuro 120 su biya ka, ka dai riƙe rasit. 'Yata, Ingila ta fita daga Tarayyar, naku tsarin daban ne, amma dabarar riga yaji tafiya ko'ina tana ci.

Abu Sudais

Ni fa mutanen nan haushi suke ba ni. Direban jirgi a nan ya fi likitoci da yawa na gida albashi, amma kullum yaji. Talaka mai zuwa aikin awa-awa shi ke kwana a ciki. Ranar da ban je ba, ba a biya na.

Baba Ɗan Reluwe, Zariya

Abu Sudais, yaro na, na ji zafinka, ranar da ba a biya ka ba ta fita daga cikin tuwon iyalinka. Amma ka sassauta. A kwatas ɗin reluwe aka haife ni, mahaifina ya yi aikin gyaran layin dogo har ƙarfinsa ya ƙare. Yana ba mu labarin yajin gama-gari na 1945, wanda Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan reluwe ya yi wa jagora, sama da kwana 40 jirgi bai yi kuka ba. Kuɗin tsadar rayuwa suke nema, don bayan yaƙin Hitila kaya sun yi tashin gwauron zabo, albashi yana nan inda yake. Ya ce su ma an zage su a kasuwa. Wanda ke yaji shi ma ba a biyan sa kuɗin ranar, wannan mutane ke mantawa. Ku aƙalla ana sanar da ku da wuri, haka na ji 'ya'yana na cewa. Ni dai ban taɓa zuwa Ingila ba, shawarata ga mai jego ɗaya ce: kada ki bar tsohuwa ta sauka ba ta ga fuskar da ta sani ba. Ko a tashar Zariya haka ne, balle inda ba ta jin yare.

Abu Sudais

Allah ya huci zuciyarka Baba. Na karɓa, amma har yanzu ina bin su kuɗin kwana uku.

Nana 'yar Maradi, Lyon

Ku zo Faransa ku ga inda yaji yake da gidan kansa. Shekarata ta farko a lakwal ta faɗo kan na fansho, wanda aka fara 5 ga Disamban 2019 aka ci Kirsimeti da sabuwar shekara ana yi. Abin da na koya shi ne ƙarfe biyar na yamma. Doka ta sa duk direba ko kwandastan da zai shiga yaji ya faɗa awa 48 kafin lokaci, don haka da biyar ɗin yamma ake fitar da jerin jiragen da za su tashi gobe. Kafin nan duk abin da kika gani hasashe ne. Mu ɗalibai da biyar ta yi kowa ya duƙufa kan waya kamar masu duba sakamakon jarrabawa.

Ranar da nawa bai fito ba, BlaBlaCar na shiga, inda mai mota ke sayar da kujerun da ba kowa. Wata dattijuwa ce ta ɗauke ni zuwa Paris da karenta a baya. Ni da ko a Maradi in na hango kare sai na sake hanya, na yi awa biyar yana huci a wuyana, ina ta karanta duk addu'ar da na iya. Matar kirki ce, har burodi ta saya mini a hanya. Amma Yaya, kada ki saka Hajiya a irin wannan, ba ki san wanda za ki tarar a ciki ba.

Malam Kawo, Kaduna

Ina karanta ku ina murmushi, ku in jirgi ya tsaya bas kuke nema, mu nan addu'a muke ƙarawa. A Nuwamban 2021 ma'aikatan jirgin ƙasa suka yi yajin gargaɗi. Na je tashar Rigasa zan tafi Abuja da tikitina a waya, ban ji labari ba, na tarar da ƙofa a rufe, masu Keke Napep suna ta juyowa da fasinja. Dole na koma tashar mota, direbobi kuwa sun ga banza ta faɗi, kuɗi ya tashi nan take. Abin da ya sa muke rububin jirgin ai ba daɗinsa ba ne, tsoron hanyar ne. Daga Rijana zuwa Katari ba mai magana a motar, wata mata ta kashe wayarta ta tura cikin safa. Bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022 kuma ya tsaya gaba ɗaya sai 5 ga Disamba, wata takwas da 'yan kwanaki muna bin titi. Ƙa'idata tun lokacin, duk tafiyar da ba zan isa kafin la'asar ba, ta kwana.

Anti Nas, Birmingham

Ƙanwata, bari in ba ki na kuɗi, don mutanenmu suna barin haƙƙinsu saboda ganin wahala. In an soke jirginki kika fasa tafiyar, kuɗinki duka za a mayar, ba a cire ko kwabo, ko da Advance ne, kuma wajen wanda ya sayar miki za ki nema. In kuwa kin yi tafiyar kika makara, Delay Repay, wato diyyar makara, ake nema wajen kamfanin jirgin cikin kwana 28. Wasu suna fara biya daga minti 15, wasu sai 30, awa ɗaya kuma kuɗin zuwan ne gaba ɗaya. Sai dai a ranar yaji da jadawalin da suka fitar na ranar ake aunawa, ba da na kullum ba. Ki ɗauki hoton tikiti kafin injin ƙofa ya haɗiye shi, nawa ya taɓa tafiya haka. Ki kuma karanta saƙon da suka turo har ƙasa, a yaje-yajen baya sukan yarda a hau da tikitin ranar yaji kwana ɗaya kafin, ko 'yan kwanaki bayan.

Wanda ya fi cin mutum ma ba ranar yaji ba ce, makon da direbobi suka ƙi yin obataim ne, don jirgi yana nan a allo sai dab da lokaci a ce an soke. Haka ya same ni na taso daga aiki, zan canza jirgi a wata ƙaramar tasha, sha ɗaya saura na dare, cikin hunturu. Na ƙarshen ne aka soke. Shago a rufe, wayata saura kashi huɗu. Na shimfiɗa mayafi a ɗakin jira na yi isha'i, na idar na ga mutane suna ta kiran tasi da kuɗinsu suna watsewa. Wata tsohuwar Baturiya da sanda ta riƙo hannuna ta ce kada in motsa, in jirgin ƙarshe ne wajibinsu ne su kai mu. Ta je ta danna maɓallin neman taimako da ke jikin bango, ta yi magana a nutse kamar mai odar shayi. Mu bakwai muka rage. Bayan kusan minti arba'in sai ga tasi biyu, ba mu biya ko sisi ba. Ni da ita da wani saurayi mai gyalen ƙwallo da ya yi barci tun kafin mu fita gari. Tana ta miƙo mini alewar minti har ƙofar tasharmu. Waɗanda suka yi gaggawa, na san wasu har yau ba su nemi kuɗinsu ba.

Maman Hanif, Leeds

Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na koma na karanta saƙon har ƙasa kamar yadda Anti ta ce, ashe an yarda in yi amfani da tikitin har Talata. Ga yadda muka tsara da maigida: zan sauka Landan ranar Juma'a da Hanif a goye, in kwana wajen wata ƙawata da muka yi makaranta tare, Asabar ina bakin ƙofar fitowa kafin jirginsu ya taɓa ƙasa, kamar yadda Baba ya ce. Lahadi za mu huta, Baban Zahra ya tsorata ni da safiyar washegari. Litinin da hantsi mu kamo hanya. Na kuma nemi a tanadar mana mai taimaka wa Hajiya da keken guragu a tasha, ashe kyauta ne, sai dai na san sai an yi daru kafin ta yarda ta hau.

Na kira ta ɗazu ina mata bayani a hankali kada hankalinta ya tashi. Ta ce yajin kwana nawa ne? Na ce ɗaya. Ta yi dariya har da tari, ta ce ita da autanta ya zauna mata a gida wata takwas saboda yajin malaman jami'a, kwana ɗaya ne zai hana ta ganin mai gidanta? Abin da ya ɗaga mata hankali shi ne da na ce ta ciro kilishi da dambun naman da ta ƙulle, ba a shiga da nama ƙasar nan. Har muka ajiye waya tana tambaya ko in ta tura shi cikin garin kuka za su gane.