Neman shawara: birkin babur ɗina mai ƙafa huɗu ya yi laushi, na canja mai amma bai dawo ba

Mai tambaya, daga yankin Auyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure, dan Allah a taimaka min da shawara. Ina da babur ɗin nan mai ƙafa huɗu, na hannu na saya, da shi nake shiga fadama ina janyo 'yar tirela da taki da injin ban ruwa saboda hanyar gonarmu mota ba ta shiga, in ba yashi ba laka. Shekara uku kenan yana hannuna ban taɓa canja man birki ba sai dai in ya ragu in ƙara. To makon jiya na ɗauko shinkafa buhu shida, duk hanya ina riƙe da birki saboda nauyi, ina zuwa gangaren bakin kanal na matse hannun birkin gaba kawai sai ya tafi har ya taɓa kan babur, wallahi Allah ne ya tsare, da birkin ƙafa na samu na tsaya, ga yara a ƙasa suna wanki. Da na dawo gida na buɗe ɗan tankin man na ga ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana, na tsane shi da tsumma na zuba sabo na yi ta matsawa, har yanzu laushi kamar kana matsa soso. Mai gyaran garinmu babur mai birkin waya ya sani, ya ce wai in zuba baƙin mai kaɗan zai kama, ni dai hankalina bai kwanta ba. Yaya ake yi?

Wani bakanike daga Haɗeja:
Wa alaikumus salam. Malam ka gode wa Allah da ba ka bi wannan maganar ba, kada ka kuskura baƙin mai ko man giya ya shiga wurin nan ko ɗigo ɗaya, robobin cikin masta (famfon da ke jikin hannun birki) da na kalifa (abin da ke matse farantin birki a jikin taya) za su kumbura su lalace, sai ka canja komai har da tiyo. Kai na cikin tanki kawai ka canja, tsohon man yana nan cike da tiyo har ƙasa, kuma da ka tsane tankin ƙarƙaf iska ta samu hanya ta shiga. Bilidin za ka yi, wato fitar da iska da tsohon mai daga cikin tiyo. Ka samu mutum ɗaya ya taya ka, da sifana mai zobe, yawanci lamba 8 ce, da siririn tiyo fari wanda ake ganin ciki, da gorar ruwa wadda ba kowa a ciki. A jikin kowace kalifa akwai ɗan noti mai rami da 'yar hular roba, nan iska ke fita. Ka cusa tiyon a kansa, ɗaya bakin ka nutsa shi a gorar da ka zuba ɗan mai a gindinta. Yaronka ya matsa birki sau huɗu ko biyar a hankali ya riƙe gam, kai ka sassauta notin kaɗan, kwatan juyi ya isa, za ka ga tsohon man birkin da ya yi baƙi da kumfa suna fita hannun birkin kuma ya tafi, to nan ne wurin da mutane ke ɓata aikin, sai ka ɗaure notin tukuna kafin ya saki. In ya saki kafin ka ɗaure, iskar da kuka fitar ita zai zuƙo ta koma. Ni da yarana magana muke, in ce matsa, ya ce na riƙe, in ce na ɗaure, sannan ya saki. Haka za ku yi ta yi har mai ya fito garau ba kumfa, sannan ku koma ɗaya tayar. Ka fara da wadda tiyonta ya fi tsawo. Kuma idonka a kan tanki, duk bayan bugu uku ko huɗu ka ƙara mai, in ka bari ya ƙafe kun koma farko.

Wani mamba daga Ringim:
Ƙari a kan abin da Oga ya faɗa, ka duba murfin tankin, a rubuce yake wane mai ake so, DOT 3 ko DOT 4. In ka ga gwangwani an rubuta DOT 5 zalla ka bar shi, wannan daban ne ba ya haɗuwa da su.

Wani malamin makaranta daga Kafin Hausa:
Ɗan uwa sannu, Allah ya ƙara tsarewa, maganar yaran nan ta tsaya min a rai. Ina so ka gane dalilin da ya sa birkin ya ɗauke tun kafin ka taɓa shi, saboda kada ya sake faruwa. Man birki yana shan ruwa daga iska a hankali, ko murfi a rufe yake, balle kai da kullum kana cikin fadama da raɓa da tsallake ruwa. Sabon DOT 3 sai ya kai wajen digiri 205 a ma'aunin Celsius kafin ya tafasa, DOT 4 kuma 230, amma da ya sha ruwa sai ya sauko wajen 140 da 155. Kai kuma ka ɗauko buhu shida kana jan birki duk hanya, faranti ya yi zafi, zafin ya shiga mai, ruwan ciki ya zama tururi, shi kuwa tururi matsuwa yake ba kamar mai ba, shi ya sa hannun ya tafi fanko. Dalilin da ya sa ake cewa a canja duk shekara biyu kenan ko da bai ragu ba. Kuma ragowar gwangwanin da aka buɗe tun bara aka ajiye a shago shi ma ya sha nasa, ka sayi sabo wanda kai za ka fasa bakinsa da hannunka. Sannan wani abu, ka ce kana ƙarawa in ya ragu. Man birki ba ƙonewa yake kamar fetur ba, in yana raguwa ko dai takalmin birki ne ya cinye ko kuma yana yoyo wani wuri, ka leƙa bayan tayoyin ka ga ko akwai danshi da ƙura ta manne.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na samo DOT 4 a Haɗeja don shi aka rubuta a murfin. Gefen dama ya yi, baƙin ya fita tas, amma notin hagu ya ƙi motsi, tsatsa da busasshiyar laka sun kama shi, na fara ji sifana tana zamewa sai na tsaya. In sa filaya?

Bakaniken Haɗeja:
A'a Malam, kada ka sa filaya, notin nan rami ne a cikinsa, in ka tilasta shi karyewa zai yi a ciki kuma fitar da guntun ya fi duk aikin wahala. Ka goge shi da buroshin waya, ka fesa masa man kwance tsatsa ko ka ɗiga kananzir a gindin zaren kaɗai, ka rufe faranti da takalmin birki da leda kada ya taɓa su, ka bar shi ya kwana. Da safe ka ɗan ƙwanƙwasa jikin kalifar kusa da shi, ka sa sifana mai zobe ta zauna sosai, ka gwada kamar za ka ƙara ɗaurewa kaɗan sannan ka dawo baya. In ya ƙi ka ciro kalifar ka kawo gari, ya fi maka sauƙi.

Wani tsohon direba daga Gumel:
Yaro ka ji ta Oga. Ni abin da zan ƙara, wani lokacin ka gama komai amma da sauran ɗan laushi, to iska ce ta maƙale can sama wajen masta inda tiyo ya haɗu da noti. Ka juya kan babur yadda tankin zai zama shi ne a sama, ka riƙa ɗan taɓa hannun birkin kaɗan kaɗan kana ƙwanƙwasa tiyon da gindin sukudireba, za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa cikin tanki. Da dare ka matse birkin ka ɗaure shi da robar tayar keke ya kwana haka. Kuma ka yi aikin a cikin zaure ko inda ba iska, yanzu hunturu ne ƙura ko'ina, ka goge murfin kafin ka buɗe. Man nan yana cin fenti, in ya zuba a jikin babur ka wanke da ruwa nan take, ka kuma hana yara wasa da gorar tsohon man don guba ne.

Mai tambaya:
Alhamdulillahi 'yan uwa. Notin ya kwance yau da safe bayan ya kwana da mai, ashe ramin ma laka ta toshe shi sai da na zare shi gaba ɗaya na soka siririyar waya, hular robar ta daɗe da faɗuwa ban sani ba. Ni da ƙanena muka yi, kumfar da ta fito gefen hagu ta fi ta dama yawa nesa ba kusa ba. Na yi na Baba ma, na ga kumfa uku sun taso a tanki. Yanzu yatsa biyu na sa yake kamawa tun kafin rabi. Malam gaskiyarka, takalmin hagu ya cinye saura kaɗan ƙarfe ya fito, ba yoyo dai ko'ina. Ba zan ɗora kaya ba sai na canja su duka biyun, ranar Lahadi zan shiga Haɗeja in nemo har da hular robar. Oga, birkin baya shi ma nasa tankin daban ne a ƙasan kujera, haka zan bi da shi?

Bakaniken Haɗeja:
Haka za ka bi, sai dai shi da ƙafa za a taka maimakon hannu. Ka zo da tsohon takalmin a leda a gwada da sabon kafin ka biya.