Gardamar Kunama: Ta Cikin Dutse da Ta Ƙarƙashin Tabarma

Malam Na-Gwale:
Salamu alaikum. Amsa-amon yau "ma" ne, batun kuwa rigimar masana kan dangin kunama. Wanda ya karya ƙafiya shi zai sayi shayi.

Da sunan Allah na fara, ku ba ni dama,
In tono muku asalin kunama.
Masani Kjellesvig-Waering ya daɗe yana fama,
Da gawarwakinta waɗanda dutse ya kama.
A 1986 aikin ya fito, shi ko ga Mahalicci ya koma,
Ya ce kakanninta a ruwa suke zama,
Suna shaƙa irin ta kifi, babu tantama.

Hajiya 'Yar Damagaram:
Malam, sannu da aiki, amma da gardama,
Tantama kam akwai ta, har ta yi girma.
Gawa guda a murƙushe, ba kyakkyawar alama,
Sai ya yanka mata dangi, ya ba ta hukuma!
Ta Jamus, Palaeoscorpius, a 2012 aka sake dubawa da himma,
Aka nemi mashaƙar kifin, ba a gan ta ba ma.
Ta Kanada ta 2015, dubi ƙafarta, Malam, ka gama,
Ƙafa ce ta taka ƙasa, irin ta mai zuwa noma.

Ɗan Autan Ajin:
Ku yi haƙuri iyayena, yaro zai sa baki.

A 2020 aka yi ta shela da azama,
Wiskonsin ta Amurka ta ba da tsohuwar kunama,
Shekara miliyan 437, Parioscorpio mai daraja da ƙima.
Shekara guda tak, wasu suka ce: a jima!
Wannan wata halitta ce dabam, kama ce kawai ta yi kama.

Malam Na-Gwale:
Auta ka burge ni. To mu bar matattu, rayayyun ma ba su tsira ba.

Vachon na Faransa, 1974, ya zo da hikima,
Ya ƙirga siraran gashin hannun kunama, ya mai da su alama.
Soleglad da Fet, a 2003 suka ɗauki alƙaluma,
Suka rushe gidajen dangin kunama, suka gina wasu, suka ce an gama.
Prendini da Wheeler, 2005, suka tashi da husuma,
Suka ce wannan kara-zube ne, ba doka ba hukuma:
Mujallar taku ce a intanet, wa ya tace kafin ta hau sama?
Su Fet ba su yi shiru ba, a shekarar suka rama.

Hajiya 'Yar Damagaram:
Ni dai a nan ina ganin kowa da laifinsa. Alƙali a shari'ar kansa bai yi ba, amma kaushin harshen su Prendini ma ya yi yawa.

Sai masu awon ƙwayar gado suka shigo da sallama,
Su Sharma, suka ce gizo-gizo ɗan'uwa ne ga kunama,
Huhunsu mai shafi-shafi kamar littafi shi ne alama.
Rayayyu kuwa reshe biyu ne masu girma,
Buthida a hagu, Iurida a dama.
Ta dutse fa? Ba jini a jikinta, ba nama,
Wa zai ɗebi ƙwayar gado a tsakuwa? Can ake ta fama.

Baba Mai Goro:
Ni ban je makarantarku ba, amma an harbe ni sau uku.

Duwu baƙi ƙato, ga tsoro ga girma,
Harbinsa da sauƙi, ka yi tsaki ka koma noma.
Amma 'yar ja siririya ta ƙarƙashin tabarma,
Ita ke sa ƙato kuka, ya kwana yana kyarma.
Shin masanan naku sun raba su, ko nan ma da gardama?

Ɗan Autan Ajin:
Baba, nan kam bakinsu ɗaya, ba husuma,
Duwu na gidan Scorpionidae, ƙarfinsa na hannun da yake kama,
'Yar jan ta Buthidae ce, gidan dafi, a ƙarinta yake zama.
Ka riƙa kakkaɓe takalmi da asuba kafin ka saka.

Hajiya 'Yar Damagaram:
"Saka"? Auta, ina "ma" ɗin ta tafi? Malam, a rubuta: shayi na kansa, nawa da madara.