Neman kalma: me za mu kira "installation" a shirin gobe?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Gobe ƙarfe 4 na yamma za a naɗi shirin rediyo kan El Anatsui da Ibrahim Mahama, masu fasaha ƴan Gana biyu da aikinsu ya zaga duniya. Takardar shirin da Faransanci take, kuma "installation" ta cika ta. "Zane" bai yi ba, don babu fenti. "Sassaƙa" kuwa itace mai sauraro zai hango. Ku agaza kafin dare.

Malamin Zane: Wa alaikumus salam. A fara sanin abin tukuna. El Anatsui, haifaffen 1944, ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975. Marufan kwalaben giya na alminiyom ake bajewa, a yanka, a huda, a ɗinke da wayar jan ƙarfe guntu-guntu. Sai a shimfiɗa guntayen a ƙasa, ya yi ta sauya musu wuri kafin a haɗe su. In an gama, a ninke a sa a akwati. Ga inda maganar take: ba ya ba da ƙa'idar ratayawa. Masu gidan baje koli su ke zaɓar inda zai tattare da inda zai sake, shi ya sa aiki ɗaya ke fita da fuska dabam a Landan da Venis ta Italiya. Ni na ce "jere". Dubi jeren amarya: kwanoni da tasoshi suna nan, amma jeren bai wanzu ba sai an tsara su a bangon wannan ɗakin, in aka kwashe zuwa wani ɗaki fasalin ya sauya.

Ɗan Zango: Malam, me zai hana a ce "ansitalasiyo" kawai?

Malamin Zane: Ƙanena, a garin nan duk wanda ya ji ta, jan wayar wuta a sabon gida zai fahimta.

Baba na Birni: Kalmar tana nan: "girkau". Daga girka, a kafa abu ya zauna daram. Ginin Hausa ne tsantsa, sahun mantau da fiddau. Ba sai mun ara ba, ba sai mun shiga ɗakin mata neman suna ba.

Hajiya Malama: Baba, a gafarce ni, ɗakin matan nan shi ya riƙe fasahar da kake nema wa suna. Kuma girka a kunnen mutanen karkara ta bori ce, wasu kuma tukunya za su tuna. A rediyo ba ka da damar tsayawa ka warware. Sai dai "jere" ma da gyara. A Venis a 2015 Mahama dogayen bangaye ya lulluɓe da buhunan algarara da suka ɗauki koko sannan gawayi, an ɗinke su da hannu. A 2017 ya rufe gine-gine a Kasel ta Jamus. Wannan lulluɓi ne, a fili, ga iska ga ruwa, sai an ɗaure an bi ɗinki ana gyara inda ya ɓarke. Wa zai kira shi jere?

Ɗan Zango: A duba yadda gidajen rediyon waje da na Kano ke faɗa mana.

Baba na Birni: Ga ciwon nan! Sai Kano ta buga hatimi kafin Damagaram ta buɗe baki? Magina sun yi zayyanar bangayen Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ba tare da sun tambayi kowa sunanta ba. Dukawanmu da majema suna da sunan kowane mataki na aikin fata.

Ɗan Zango: Ba raini ba ne, Baba. Shirin ana jin sa har Daura da Maigatari, kalmar da ba ta ƙetare iyaka ba ta rage amfani.

Baba na Birni: To su ma su koya daga nan sau ɗaya.

Mai Fassara: Jama'a, lokaci. Ga jimlar da ta tsaya mini: a 2015 Venis ta ba El Anatsui lambar Zakin Zinariya, a 2023 kuma ya yi wannan aiki a babban zauren Tate Modern, gidan baje kolin fasaha na Landan.

Malamin Zane: A raba gida biyu, don Faransancin ma abu biyu yake nufi. Aikin hannu na ɗorawa, da tsani da ƙugiya da awon nauyin da rufi zai iya ɗauka, wannan "kafawa" ne. Abin da aka je kallo kuwa "jeren fasaha". Jimlarka: "ya yi jeren fasaha a babban zauren Tate Modern, manyan faifan ƙarfe na reto daga rufi."

Hajiya Malama: Na yarda a kan na cikin zaure. Na Mahama a ce "ya lulluɓe gini da buhuna", kada a tilasta masa suna.

Mai Fassara: Haka zan yi. Zan faɗi baƙuwar kalmar sau ɗaya a farko, in bi da bayani, sannan "jeren fasaha".

Baba na Birni: Ku yi na gobe da shi. Ni a takarduna "girkau" zan ci gaba da rubutawa. Kuma har yanzu ba ku ce komai ba kan sunan mai tsara baje kolin.